Neman Tsohon Kaya a Gindin Kufena

Da hunturu na shiga Zariya, lokacin da hazo ke rufe gari har hantsi, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Daga Kano na taso, muka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, na sauka a Kwangila, na hau Keke Napep zuwa Wusasa, inda wani abokin karatuna ya ba ni masauki. Tsofaffin kaya na zo nema: riga saƙi ko tsamiya mai aikin hannu, irin wadda kakanninmu ke hawan salla da ita, da littattafan Hausa tsohon bugu, da duk wani ɗan tarkacen da zamani ya wuce ya bari. Zariya na zaɓa domin ta haɗa allura da maɗaba'a. Garin maɗinka ne tun fil azal, kuma a nan aka fara buga littattafan Hausa na boko da yawancinmu muka koyi karatu da su.

In ka fito ƙofar gidan da na sauka, dutsen Kufena ne a gabanka. Mai masaukina ya ce kada in shiga kasuwa sai na hau na ga yadda garin ya kwanta. Muka wuce cocin St Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa wanda 'yan mishan suka yi a 1929 da suka taso daga cikin birni, muka kama hawa. Mutane sun zauna a gindin dutsen nan tun kafin birnin da muka sani yau ya kafu, har yanzu kuma ana ganin ragowar ganuwar da ta kewaye shi. Labarin da aka gada ya ce a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, aka taso da sarautar Zazzau daga Turunku aka dawo wannan yanki. Babu shago a Kufena, babu rumfa, amma a nan na fara taɓa tsohon kaya: tsingaron tukwane a warwatse tsakanin duwatsu, wani da ɗan zane a bakinsa. Na ɗauki ɗaya na duba, na mayar da shi inda na same shi. Irin wannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na cusawa a aljihu ba.

Da hazo ya ɗan yaye, abokina ya riƙa nuna mini da yatsa: ga birni can da rimayensa, ga Tudun Wada, Sabon Gari na bayan Kubanni, Samaru kuwa sai dai a nuna sashenta. Ya ce kowace da irin tsohon kayanta, in na bi su ɗaya bayan ɗaya zan gani.

Sabon Gari na fara zuwa, don nan ce cibiyar gwanjo. Unguwar ta tashi ne bayan da layin dogo ya iso Zariya wajen 1911, ta tara mutanen kudu da na arewa, kuma har yau kasuwarta haka take. Mai son ganin gwanjo da ransa sai ya yi sammako ranar buɗe dila. Ana kawo ta a ɗaure tamau, inji ya matse ta har ta yi tauri, nauyinta kilo 45 zuwa sama. Mai ita bai san abin da ke ciki ba sai abin da aka rubuta a jiki: rigunan sanyi, wandunan maza, kayan yara. Da ya yanke ɗaurin, kaya su kumburo, warin maganin da aka fesa musu ya tashi, ƙananan 'yan kasuwa su rufa a kai. Masu zaɓen farko su ke kwashe na ɗaya, su biya da tsada. Na biyu ya biyo baya. Abin da ya rage shi ake zubawa a tabarma da yamma ana kiran farashi da ƙarfi.

Wani saurayi mai rumfar rigunan sanyi ya matsa mini a benci. Na tambaye shi kasuwa. Ya ce, “Alhaji, dila sa'a ce. Wata ka ci ninki, wata ko uwar kuɗi ba ta fitowa. Tun da aka saki naira a 2023 kuwa, kuɗin da a da zai saya mini dila uku yanzu ɗaya ma sai da ciko.”

Tafiyar rigar gwanjo ta fi tawa nisa. A Ingila da Amurka da Kanada mutane ke kai kayan da suka gaji da su ga ƙungiyoyin agaji, su kuma su sayar da abin da ya yi musu yawa ga kamfanoni, a tantance, a matse, a loda a jirgin ruwa. Yanzu Sin da Koriya ma sun shigo ciki sosai. Tun shekarun 1970 dokar Nijeriya ta hana shigo da tufafin da aka riga aka sa, shi ya sa akasarinsu ke sauka a Kwatano ko Lome, daga can su shigo ta kan iyaka, namu na arewa sau da yawa ta Maraɗi da Jibiya. Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kowane mai 'ya'ya ya ji a jikinsa.

A cikin tulin na ɗaya na zaƙulo wani kwat na ulu mai nauyi, an yi masa shafi da hannu, sunan telan da ya ɗinka shi na nan a manne a ciki. Ɗinkin da ne, na lokacin da ake yi wa mutum tufa don ta kai shi tsufa. Kusa da ni wasu ɗalibai daga Samaru suna ta tonon tsofaffin wandunan jins da jaket na fata. Ba don sanyi suke nema ba. Tsohon yayi suke so, su wanke, su goge, su ɗauki hoto su sa a Instagram, su sayar wa 'yan uwansu da riba. Sun san hannun ɗinki, sun san lambar da ke nuna zamanin riga, abin ya burge ni ƙwarai.

Ba na cikin masu zagin gwanjo. Na ga wata mata ta zo da yara uku, leɓunansu duk sun tsage don sanyi, ta tafi kowanne sanye da suwaita, kuɗin duka bai kai na sabuwa ɗaya ba. Wanda ya ga wannan ba zai yi saurin cewa a hana ba. Ana ɗora wa gwanjo laifin mutuwar masaƙunmu, amma masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da masaƙar UNTL da ta rufe a 2007, rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar Sin ta fasa-ƙwauri suka fi kayar da su. Talaka bai kashe masaƙa ba don ya saya wa ɗansa rigar sanyi.

Daga tufa na koma takarda. A bakin titi wajen unguwar Kongo, da kuma kusa da ƙofar jami'a a Samaru, akwai masu baza tsofaffin littattafai a kan buhu da tebur. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kowace shekara ɗalibai ke gamawa su bar abin da ba za su iya ɗauka ba. Malaman ƙasashen waje da suka tattara suka koma gida a shekarun 1980, da naira ta fara zubewa, su ma sun bar nasu. Duk a nan suke ƙarewa. Za ka ga jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann masu bango ruwan lemo, da na Pacesetters da muka yi ta ɓoyewa a ƙarƙashin tebur a aji, da na Markisanci bugun Mosko waɗanda takardarsu har yau ba ta yi ja ba. Na samu For the Liberation of Nigeria na marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, na 1979, wani ɗalibi ya cika gefen shafukansa da jan biro, wani wuri yana yarda, wani wuri yana musu. Na saya saboda rubutun gefen nan. Shaida ce ta zamanin da ake zafin muhawara a Samaru.

Abin da ya dame ni shi ne na Hausa. Na duba tebur bayan tebur, ban ga tsohon bugu ko ɗaya ba, sai sababbi, wasunsu ma na satar fasaha, rubutu dishi-dishi, hotunan ciki sun zama baƙin tabo. A garin da Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East! A garin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, hukumar NORLA ta cika ƙauyuka da littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC ya karɓa a 1966!

A Tudun Wada na samu wani dattijo mai ɗan shago, rabinsa littattafan makaranta, rabi na addini. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, babu tsofaffin na Hausa?”

Ya ɗaga tabarau ya dube ni. “Ɗana, littafin Hausa ba ya tsufa a hannun mutum ɗaya. Aro ake yi har ya mutu. Wanda ya tsira kuma, in mai shi ya rasu, yara su kwashe su kai wa mai ƙosai.”

Maganar nan ta zauna mini. Littafin Turanci yakan tsira ne don mutum ɗaya ya karanta ya ajiye a kanta. Magana Jari Ce kuwa gida guda ke karantawa, amarya ta ara, maƙwabta su ara, a karanta wa tsohuwa da daddare, bango ya fita, a ɗinke, ya sake fita. Ƙarewarsa alamar so ce. Sai dai son bai hana mu wayi gari babu kwafin farko a hannunmu ba, abin da aro ya bari kuma gara da ɗigon damina suka ƙarasa.

Dattijon ya ce in dawo washegari. Da na koma, ya zaro wani ƙunshi da ya zo da shi daga gida: Ganɗoki babu bango, baduku ya ɗinke gindinsa da zare, da Ka Ƙara Karatu mai tambarin wata makarantar firamare, da wani kashi na Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Haruffan sun zauna daram, kowace lanƙwasa a wurinta, hotuna tsaf. Ya sayar mini da biyu, ya hana ni Imfiraji. Ya ce da shi mahaifiyarsa ke sa shi ya rera mata, ba zai fita gidansa ba yana raye. Ban matsa ba, don ya fi ni gaskiya.

Ranar da na shiga birni ta Ƙofar Doka na bi, na wuce Babban Dodo na nufi fada. Na tsaya wajen Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, na yi addu'a ga waɗanda suka rasu da wani sashensa ya rufta a Agustan 2023. Allah ya jiƙansu. Daga nan abokina ya kai ni zauren wani malami da suke da dangantaka. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya sa aka ɗauko wata gafaka, ya kwance ta a hankali. Warƙoƙi ne rubutun hannu, baƙar tawada da ja, ba a ɗinke ba, kalmar farkon kowane shafi an rubuta ta a ƙasan wanda ya gabace shi don kada su rikice. Ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da hasken ƙofa, sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Tambarin masu yin takarda ne na arewacin Italiya, irin wadda fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara a ƙarni na 19. Ban ko tambayi hadiyarsa ba. Na dai lura gefen warƙoƙin ya fara cinyewa, kuma malamin ya ce cikin 'ya'yansa babu wanda ya taɓa neman ya buɗe.

Rumfar dillalan riguna tana cikin kasuwar birni, kuma nan na fi daɗewa. Babu allo, babu kwalliya, riguna ne a ninke a jibge, dattawa na zaune a kan buzu. Na faɗi abin da nake so. Ɗayansu ya yi shiru ɗan lokaci, kana ya tura yaro. Da aka kawo, sai da mutum biyu suka riƙe hannuwanta kafin ta buɗe duka. Saƙi ce, baƙi-baƙi da ɗigon fari kamar gashin zabo, an haɗa ta da siraran ƙyallaye na saƙar hannu, kowane bai fi faɗin yatsu uku ba, an jera su an ɗinke har suka zama riga. A ƙirji aska biyu ce ta sauko daga wuya, ga tambari a dama, wani babba a baya, gindinta an yi mata shafi da jan alharini.

Ya ce da Zazzagancinsa, “Malam, rigan nan ya girme ni. Duba bayan aikin, ka ga ko zare ɗaya ya tashi.”

Na juya na duba. Bayan ma abin kallo ne. Riga irin wannan ta bi hannu da yawa kafin ta hau wuya: mata sun kaɗa zare, marina sun tsoma, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, wani ya zana aikin da alƙalami, mai allura ya zauna wata da watanni, mabuga suka buge ta har ta yi sheƙi. Ya sake sawa aka kawo tsamiya mai aska takwas. Da na ji kuɗinta na san ba tawa ba ce.

Na tambaye shi ta wane ne. Ya girgiza kai ya ce dillali ba ya faɗin mai kaya. Wata daga rabon gado take fitowa, magada su ce a sayar a raba kuɗi, tunda riga ba ta rabuwa. Wata kuma mai ita na da rai, babban mutum ne a unguwarsu, rashin lafiya ko auren 'ya ya taso, ya aiko da ita da dare. Rufin asirin nan shi ne rabin sana'ar, kuma na ga darajarsa. Masu saye kuwa, in ji shi, mahaya ne in salla ta gabato, sai masu shirya fim, sai wasu da ke zuwa daga Legas da Abuja su kwasa su fitar waje. Irin rigunan nan suna cikin gilashi a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A nan Zariya kuwa na ga wata da ɓera ya cinye mata aljihu, don an bar ta a ƙasan adaka shekara da shekaru ba a ko shanya ta.

Na taya saƙin, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce in dai ƙara. Muka yi ta ja har aka kira azahar, muka je muka dawo, kana ya ce ya sallama. Na biya, na ba da la'ada, ya ninke ta yadda ake ninke babbar riga, ya ce in riƙa fito da ita tana shan iska bayan damina.

Sana'ar ba ta mutu ba. A zauruka da gindin bishiyoyi na ga samari da shadda a cinya suna aikin hannu, a cikin gidaje kuma mata sun karɓi allurar, har da ƙungiyarsu mai sunan Sarauniya Amina da ta fara a 1994. Abin da ya yi wuya yanzu shi ne ƙyallen kansa, don masaƙan saƙi da tsamiya sun ƙaranta, aikin inji kuma ya karya farashi.

Kayan mata ba a rumfa suke ba, suna kan dillaliya. Gwaggon abokina ta aika aka kira wata, ta sauke ƙunshinta a zaure. Ta ce, “Ɗan nan, me namiji zai yi da kayan ɗaki?” Na ce, “Inna, kallo zan yi, in na ga na uwata in saya.” Ta yi dariya ta kwance. Ga kwalla da langa masu furanni irin na jeren amaren da, ga tandun kwalli na fata, ga murjani, ga turmin atamfa da ba a taɓa yankawa ba, sunan masaƙar Kaduna na nan a gefensa. A cikin wani gwangwani ta zazzago kwabo mai huji da anini da sisi da taro, masu hujin da tauraronsu mai tsini shida, kuɗin da ake kashewa kafin zuwan naira a 1973. Da ta ɗaga ƙasan wata ƙaramar adaka, sai ga shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo an shimfiɗa don kare kaya daga tsatsa, ya yi ja amma yana karantuwa. Abin da na rasa a shagunan littattafai, ga shi a ƙarƙashin zannuwa. Na sayi atamfar, ta ba ni shi gyara a kai.

A hanyar komawa, wajen Ɗan Magaji, na ci karo da wani yaro ɗan jari-bola yana tura baro, sikelinsa na rataye. Cikin ƙarafan na hango tasar tagulla aikin Bida, da dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, da hannun garmaho. Na tsayar da shi na tambaye shi ina za a kai su. Ya ce wajen masu narkawa. A kilo ya saya, a kilo zai sayar. Zanen da maƙeri ya zauna ya buga a jikin tasar nan ba ya ƙara mata ko kwabo a sikeli. Na ba shi fiye da kuɗin awonta na karɓa, da dutsen gugar. Yaron bai yi laifi ba, abincinsa yake nema. Daga wani gida aka miƙo masa su.

Abin da na gani a Zariya ke nan: tsohuwar rigar Bature mun san na ɗaya, mun san na biyu, muna biyan kowanne kuɗinsa, amma namu in ya tsufa sai sikeli ko mai ƙosai. Don haka ina roƙon mai karatu, in akwai adakar tsohuwa ko buhun takardun mahaifi a gidanku, ku buɗe ku duba kafin damina. Riga a shanya ta, a ninke da kyau. Littafi da warƙa a raba su da ƙasa da danshi. In riƙonsu ya fi ƙarfinku, akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, akwai Gidan Arewa a Kaduna, ku kai can a ɗauki hotonsu ko a adana muku. In kuwa sayarwar ta zama dole, a kai wa dillalin da ya san aska biyu da aska takwas, kada a miƙa wa mai baro.